Yadda Na Shiga Cibiyar Zangarma da Faifai

Da sunan Wanda ya rataye ƙasashe ba igiya, ya kunna fitilun sama ba mai, ya ɓoye abin da ya ɓoye har ranar da ya ga dama. Ni ne Mantau ɗan Korau, matuƙin jirgin sarari, mutumin Zangarma. Na yi yawo har takalmina ya gaji da ni, na ga abin da in na faɗa za ku ce tsufa ne ya taɓa ni. To ku ce. Ku dai gyara zama, mai tari kuma ya yi tarinsa yanzu, don ba na son a katse ni.

Tun da baƙi ne ku, bari in fara da ƙasar. Zangarma tsibirai ne dubu da ɗoriya masu shawagi a sarari, kowanne da garinsa da gonakinsa, duk suna kewaya wuri guda da muke kira Cibiya. Abin da ke riƙe da su kada su watse shi muke ce wa Baƙar Tsaba. Ba wanda ya taɓa ganinta. Ba ta haske, ba ta inuwa, yanzu haka tana ratsa tafin hannunku ba ku ji ba. Janta kaɗai ake ji. Malamanmu sun gane da ita ne don tsibiran can gefe suna gudun da, in da ƙasar da ido ke gani ce kawai ke riƙe da su, da tuni sun cilla sun ɓata.

Da wannan jan muke tafiya. Kowane jirgi yana da dutse rataye a ƙarƙashinsa. Tsaba ta ja dutse, dutse ya ja jirgi, gwanintar matuƙi ita ce ya san inda zai karkata igiya. Ba mu san wata hanyar tuƙi ba, ba mu kuma so mu sani. A Zangarma in aka ga namiji yana motsa jirgi da ƙarfin hannunsa, har jikokinsa sai an goranta musu.

Ita Cibiya kuwa, malamai sun ce a can Tsaba ta taru ta yi tsibi mai tsini, jan da ke wurin yana niƙe jirgi da mutanen ciki. Hujjarsu guda ce, duk wanda ya shiga bai fito ba.

Matata Yalwa ta shiga.

Saƙo ne ya zo cewa mahaifiyarta, da ke tsibirin Gwarjo can ɗaya gefen, tana kwance rai a hannun Allah. In aka bi ta gefe, tafiyar kwana arba'in ce. In aka ratsa ta jikin Cibiya, kwana shida.

Ta ce, "Maigida, mu ratsa."

Na ce, "Ba a ratsawa."

"Inna ba za ta kai kwana arba'in ba."

Na kawo mata maganar malamai, na kawo ta iska, na kawo ta tsohuwar igiyata da ban sake ba. Ta tsaya tana dubana har na gama. Gaskiyar magana, tsoro na ji, kuma ta san tsoro na ji. Washegari da hantsi na dawo daga kasuwa na tarar ƙaramin jirgina ba ya tasha. Ta bar mini tuwo a rufe, miya tana da sauran ɗumi.

Shekara uku na yi ina duban hanya. Aka yi mata sadaka, aka fara kawo mini zancen wata bazawara mai hankali. Rannan na tafi wajen Cindo, Sarkin Jirage, wanda duk matuƙan tasharmu ke ƙarƙashinsa, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, jirgi nawa Cibiya ta ci?"

Ya ce, "Sun fi sittin."

"Ko guntun katako ɗaya ya taɓa fitowa?"

Ya ce, "Mantau, baƙin ciki ne ke sa ka surutu. Je ka gida."

Ban je gida ba. Na ce wa raina, ko mutuwa ta yi sai na san irin mutuwar da na bar ta ta yi ita kaɗai. Na sake igiya, na ɗaura guzuri, na fita daga Zangarma gaba ɗaya, don an ce akwai waɗansu ƙasashe masu kewaya irin tamu, kowace da cibiyarta.

Shekara biyu na yi a sararin da ba kowa kafin in isa Kurmusu. Tabɗi! Tun daga nesa na ga tsibiransu na ciki suna juyi kamar mazari a hannun gwanar kaɗi. A can na sadu da wani Nomau, mutum mai ido ɗaya da fara'a mai yawa, wanda sana'arsa kamun katako da raga. Duk jirgin da cibiyarsu ta kama, takan tauna shi ta tofar da guntaye ta ɗaya ɓangaren, shi kuwa ya tare ya kai kasuwa. Gidansa kaf da ƙofofin jiragen mutane aka gina shi.

Na ce, "Malam Nomau, kullum takan tofar?"

Ya ce, "Baƙo, da ba ta tofarwa da me zan ci da iyali?"

Tamu ba ta taɓa tofar da ko tsinke ba. Amma ni mutum ne mai taurin kai, sai na gani da idona. Nomau ya ce kada in wuce tsibiri na uku. Na wuce. Nan da nan igiyar dutsena ta miƙe tana kuka, katakon jirgi ya fara ƙara, hulata ta bar kaina ta yi gaba. Na ja igiya dama, na ja hagu, ina! Kamar mai jayayya da bijimi. Na ga tsakiyar wurin, ba komai a ciki da ido zai kama, sai guntayen jirage suna zagaye da gudun da ya sa na ji jiri.

Allah ya taimake ni na tuna yadda muke harbin tsuntsu da majajjawa muna yara. Na daina jayayya. Na karkata igiya na bar jirgin ya zaga ta gefen cibiyar da duk gudun da take so, na zare wuƙa, na jira har goshin jirgi ya dubi waje, na datse igiyar. Dutsena ya tafi abinsa. Ni kuwa aka cilla ni, ko sallama ban yi wa Nomau ba.

Matuƙin da ba shi da dutse gawa ne da bai kwanta ba tukuna. Kwana goma sha tara ina tafe ba inda na nufa. Kilishi ya ƙare, na koma lasar raɓar da ke kwanciya a jikin katako. A rana ta ashirin na ji wani sauti, fat, fat, fat. Na ɗaga kai da ƙyar, sai ga wata tsohuwa a ɗan jirgi, ba dutse ba igiya, tana riƙe da wani ƙaton faifai tana fifita iska, jirgin kuwa yana tahowa.

Ku ji halin mutumin Zangarma. Ina bakin mutuwa, leɓena a tsattsage, amma abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Iya, mazan garinku sun ƙare ne?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da ka zo da mazantaka, ɗan nan, ina dutsenka?"

Ta ɗura mini kunu, ta ɗaure jirgina a bayan nata, ta ja ni har ƙasarsu, Dandalma. Sunanta Inna Dela, sana'arta saƙar faifai. Wata biyu tana jinyata, tana yi mini faɗa kamar ita ta haife ni. Da na sami ƙarfi na ba ta labarin Yalwa duka, har da tsoron, don ita ba a iya yi mata kwana-kwana. Ta shiga ɗaki ta fito da faifai da ƙwaryar gero, ta zauna a gabana ta tsiyaye geron a hankali har ya yi tsibi mai tsini.

Ta ce, "Ga Kurmusu. Tsabarsu ba ta san 'yar'uwarta ba. Ƙwaya ta ratsa ta cikin ƙwaya ta wuce, ba sannu ba gafara. Masu sanyin gudu su zauna a tsakiya, ba mai taɓa su, su yi ta taruwa har su yi tsini. Tsinin nan ne ya cinye maka dutse."

Sai ta fara buga gefen faifan da yatsu. Ƙwayoyin suka shiga bangazar juna, tsibin ya fara zubewa.

"Tamu ta Dandalma tana karo. Ta gefe mai zafin gudu ce. In ta shigo ta bangaji ta tsakiya, sai ta bar mata wani abu daga ƙarfinta, ita kuma ta tsakiyar ta sami kuzarin matsawa waje. Ba kullum suke haɗuwa ba, amma ina gaggawar? Shekara dubu sau dubu ana haka, ka ga abin da ya rage."

Na duba. Tsini ya tafi, geron ya baje ya kwanta lif.

"Inda ya baje haka, ja ta nan, ja ta can, duk ɗaya ne. Dutse bai san inda zai nufa ba, sai ya tsaya. Shi ya sa muke tafiya da faifai, ba don mazanmu sun ƙare ba."

Na ce, "Inna, yaya zan san irin tamu?"

"Tsibiranku na ciki, gudu suke ko rarrafe?"

"Rarrafe. Har tsiya muke yi wa mutanensu, mu ce shekararsu ba ta ƙarewa."

Ta ce, "To." Ta mayar da geronta cikin ƙwarya.

Wallahi na yi kuka a gaban tsohuwar nan, kukan da ban yi ba ranar sadaka. Jirgi sittin! Ashe ba niƙe su aka yi ba, shiga suka yi dutse ya mutu a hannunsu, suka tsaya. Mu kuwa muna waje muna yi musu addu'ar matattu. Murna ta kama ni, tsoro kuma ya biyo bayanta, don mutum yana iya tsira daga niƙa yunwa ta kashe shi.

Inna Dela ta ba ni faifai ta ce in koya. Na fifita da duk ƙarfina, jirgi ya yi ta juyi wuri guda, matan unguwa suka fito kallo. Ta ƙwala mini faifai a ka. "Dama ɗaya, hagu ɗaya, sakarai! In ku biyu ne, kowa ya riƙe gefensa, ku saurari juna." Sai da na yi wata guda kafin in tafi miƙe. Ranar da zan tashi ta sa aka nemo mini dutse, ta ɗaura mini faifai talatin da ta saƙa da hannunta. Ta ce, "Tafi mana, ka tsaya kana kallona. In ka same ta ka ce wata tsohuwa tana gaishe ta."

Hanyar komawa ta fi ta zuwa tsawo, don sai da na yi wa Kurmusu nisa. Ranar da na sauka a tasharmu shekara tara ke nan cif da tafiyar Yalwa. Mutane suka taru, suka ga kayan da na sauke, aka fashe da dariya. Wani ya ce Mantau ya tafi neman mata ya dawo ya zama ita. Sarkin Jirage Cindo, wanda ya tsufa har yana dogara sanda, ya ce, "Haba Mantau, ubanka matuƙi, kakanka matuƙi. Faifai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in ji kunyata ni kaɗai."

Na loda ruwa da hatsi iyakar abin da jirgi zai ɗauka, na nufi ciki. Kwana biyu igiya tana miƙe. A na uku ta fara laushi. A na huɗu na leƙa na ga dutsena ya taso yana shawagi kusa da jirgi kamar ɗan akuya mai bin uwarsa, ƙafafuna kuma suka bar katako. Da ba a gaya mini ba, da nan zan haukace. Na ɗaure ƙuguna a jikin jirgi, na ɗauki faifai, dama ɗaya, hagu ɗaya.

Wurin shiru ne, ga haske mai laushi, ga gizagizai suna tafe a hankali. Kwana biyar ina fifita har kafaɗuna suka daina jin ciwo don gajiya. Sai na hangi wani abu kore. Jirage ne, an ɗaure su jiki da jiki sun zama unguwa, wake da kabewa sun naɗe su ko'ina. Ƙasar da wasu suka ɗauko a matsayin kaya suka ƙunshe cikin tabarmi suka yi shuka, ruwa kuwa daga gizagizai suke tarawa. A gefe guda ga wani abu kamar tsauni. Da na matsa sai na ga duwatsun jiragensu ne duka, sun haɗa su sun ɗaure tam, wai in nauyi ya yi yawa Tsaba za ta ja. Shekara da shekaru ke nan aikinsu, duk wanda ya shigo a karɓi dutsensa a ƙara. Allah sarki, mutanen Zangarma. Da ni ne a ciki, da ni zan fi kowa ɗaure dutse.

Suka firfito suna shawagi, suna riƙe da igiyoyi, suna kallon namiji da faifai. Ban kula su ba. Ina ta duban fuskoki, har na ga wata mace a bakin wani ƙaramin jirgi da na sani, tana ɓarar wake cikin jaka. Kanta ya yi fari. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo.

Na ce, "Yalwa."

Wake ya kuɓuce mata, ƙwayoyin suka watsu a iska. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Maigida? Inna fa?"

Wannan ban gaya muku tun farko ba, don ba na iya faɗinsa sau biyu. Na ce mata, "Ranar da kika tafi kunya ta hana ni zama. Na bi ta gefe, kwana arba'in. Na same ta da rai."

"Da rai?"

"Ta ƙara wata biyu. Ni na riƙa ba ta kunu. Kullum ta tambaye ki, in ce kina hanya. Ni na rufe mata ido."

Yalwa ta sa hannu ta toshe bakinta. A can hawaye ba ya zuba, taruwa yake a ido ya tsinke ya yi ta yawo. Na riƙe ta, muka yi ta juyawa a hankali ba mai tsayar da mu. Da ta sami numfashi ta ce, "Ashe da na bi ka ta gefe, da na gan ta."

Na ce, "Da na bi ki ta nan, da ba ki zauna ke kaɗai ba. Tsoro na ji, Yalwa."

Ta ce, "Na sani. Ni ma na ji, fushi ne ya rufe shi." Ta shafa kumatuna ta ce, "Dubi yadda ka lalace. Ba mai dafa maka ne?"

Na isar mata da gaisuwar Inna Dela, na nuna mata faifai. Sai ta yi dariya cikin kuka ta ce ai ta taɓa gwadawa da murfin kwando tun shekarar farko, jirgi ya yi ta juyi, maza suka yi mata dariya har ta bari. Na ce ta riƙe dama, ni in riƙe hagu. Muka fifita tare sau uku, jirgin ya tafi miƙe kamar an ja shi da zare. Sai wani tsohon matuƙi, wanda ya shekara ashirin da shida a ciki, ya miƙo hannu ya ce, "Ɗana, ba ni ɗaya."

Mutum ɗari da goma sha ɗaya muka samu da rai. Muka kwance tsaunin duwatsu, kowane jirgi ya ɗauki nasa, muka jera, faifai talatin suna tashi suna sauka. Waɗanda ba su samu ba suka yanka tabarmi. A rana ta bakwai igiyoyi suka fara miƙewa, mutane suka yi ta kabbara. Amma da ƙafafunmu suka koma kan katako, sai na ji Yalwa ta yi ƙara ta zube. Shekara tara ƙafarta ba ta ɗauki nauyinta ba, ta zama kamar ta jariri.

Da muka iso tasha garin duka yana wurin, ba mai dariya. Mutane suna kiran sunayen da suka riga suka yi wa sadaka, ana amsawa. Cindo ya yar da sandarsa ya zauna a ƙasa. Yalwa ta kama gefen jirgi ta yunƙura sau biyu, ta kasa. Na juya mata baya na durƙusa.

Na ce, "Hau."

Ta ce, "A gaban mutane? Haba Maigida."

"Hau, na ce."

Ta hau, ta sa hannuwa ta zagaye wuyana, na miƙe. Muna cikin tafiya ta sa baki a kunnena ta ce, "Na yi maka nauyi?"

Na ce, "Kin yi."

"To sauke ni mana."

"Ba yau ba."

Yawancin waɗanda muka fito da su ƙafarsu ta dawo cikin shekara guda. Tata ba ta dawo ba. Yau shekara goma sha huɗu ke nan, kowace safiya ni ke fito da ita tsakar gida ta sha hantsi, tana yi mini faɗa wai ina girgiza ta. Yanzu ku tashi ku ba ni hanya. Rana ta juya, inuwa ta kai inda na zaunar da ita, kuma ba na barinta tana jira.